Neman shawara: na'urar gano hayaƙi da na haɗa tana ihu babu hayaƙi, in hayaƙin ya zo kuma ta yi gum

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar manya kan wani ɗan aiki da ya sha mini kai.

Na haɗa na'urar gano hayaƙi irin mai aiki da haske, don in rataya ta a ɗakin da nake cajin batura. Ga yadda take: batir 9V, ƙwan LED na infirared mai 940nm da rizista 330 a bayansa, sai fotodayod BPW34 mai jin haske, wanda zan riƙa kira ido. Na yanko farin bututun roba, na huda shi gefe biyu, ƙwan a nan, idon a can, suna kallon juna, tazarar kamar santimita 3. Tunanina shi ne in hayaƙi ya ratsa tsakaninsu haske zai ragu. Idon yana shiga rabin LM358, wato IC mai amfilifaya biyu a cikinta, da rizista 10k tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2. Ɗaya rabin kuma yana gwada abin da ya fito da bolum ɗin saiti, in ya sauka ƙasa sai taransista BC547 ta kunna ƙararrawa. Duk a kan allon gwaji mai ramuka.

In na zura takarda tsakaninsu nan take take ihu, wato dai sakit ɗin yana da rai. Amma na kunna igiyar auduga na hure wutar, na kara hayaƙin a bakin bututun har idona ya yi ja, ko tari ba ta yi ba. In kuma na murɗa bolum zuwa dab da inda za ta yi ƙara, sai ta haukace: in kashe fitilar ɗaki ta yi ihu, in gitta ta gefenta ta yi ihu, shekaranjiya ƙarfe biyun dare ta tashe ni babu gaira babu dalili. Ihun ma ba tsayayye ba ne, wani kirrr-kirrr take yi kamar gyare. Ga cin batir: sabo na sa da yamma, kafin yamma ta zagayo ya kwanta. Mita tana nuna kusan 2V a ƙafa ta 1, da hayaƙi da babu hayaƙi duk ɗaya.

Ina na kuskure? Ko idon ne ya mutu?

Tsohon mai gyara:

Wa alaikumus salam. Ɗana, idonka lafiyarsa ƙalau tun da ya ga takarda. Kada ka sayi komai tukuna. Wancan kallon juna da ka sa ƙwan da idon suke yi, a nan gizo ke saƙar.

Ka taɓa zama cikin ɗaki mai duhu, rana ta shigo ta wani ɗan tsagi a taga? Daga gefe za ka ga ƙura tana yawo cikin hasken, ɗaya bayan ɗaya. To tashi ka je ka sa idonka a tsagin, ka kalli ranar kai tsaye, ka gaya mini ƙura nawa ka gani. Haka ka yi wa idon nan. Ka cika shi da haske, sannan ka ce ya lura da ɗan abin da ya ragu.

Na'urorin da ake sayarwa na gida ba haka suke ba. Ƙwan yana haska wani gefe, idon yana kallon wani gefe, cikin duhu. Muddin iska tana da tsabta, idon ba ya ganin komai. Hayaƙi na shiga, sai ƙwayoyinsa su warwatsa hasken, kaɗan daga ciki ya faɗo kan idon. Wato maimakon ka jira haske ya ragu, jira za ka yi ya bayyana.

Malamin kimiyya:

Baba ya gama magana, ni lissafi kawai zan ƙara don mai tambaya ya daina zargin bolum ɗinsa.

In ka juya bayan irin na'urorin da ake sayarwa, sau da yawa za ka ga an rubuta kaurin hayaƙin da ke tada su. Yawanci 'yan kaso kaɗan ne cikin ɗari a tsawon ƙafa ɗaya, wato santimita 30. Mu ɗauki kashi 2. Kai tazararka santimita 3 ce, ɗaya bisa goma ke nan, don haka hayaƙin da ya isa a tada mutum daga barci zai rage haskenka da kashi 0.2 cikin ɗari kacal. A kan 2V ɗinka, 4mV ke nan. Shi ya sa mitarka ba ta ko motsa ba.

Yanzu dubi abubuwan da suka fi wannan 4mV ƙarfi. Irin waɗannan ƙwayayen infirared haskensu yana raguwa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Digiri ɗaya tak ya riga ya doke hayaƙinka. Batir in ya sauka da 0.1V, wutar ƙwan tana raguwa da sama da kashi 1. Gaskiya ne saitin bolum ma yana bin batirin ya sauka, amma ba tafiya ɗaya suke yi ba, ƙwan ya fi saurin faɗuwa. Ihun ƙarfe biyun dare ke nan: batir ne yake sallama. Farin bututu kuma haske yana ratsa shi, shi ya sa take sanin ka kashe fitila.

Ita dabarar rage haske ba ƙarya ba ce, ana amfani da ita a manyan ɗakunan ajiya da zaurukan taro, amma can hasken yana tafiyar mita goma-goma, wani har mita 100, kafin ya iske idon.

Batun batir: 9 a cire 1.2 na ƙwan, saura 7.8, a raba da 330, kusan 24mA ke nan ba dare ba rana. Batir 9V mai kyau bai wuce 500 zuwa 600mAh ba. Raba ka gani, kwana ɗaya ma da ƙyar.

Wani ɗalibi:

Yaya, ni da na yi irin wannan LDR na sa, rizistar nan mai jin haske, ya fi sauƙi. Ko ma ka manta da haske gaba ɗaya ka sayi MQ-2, an rubuta yana jin hayaƙi, waya uku ka gama.

Wata injiniya:

Ƙanena, a hankali. LDR na yau da kullum ya fi jin hasken da ke wajen kore da ruwan ɗorawa, kusan 540nm. A 940nm kusan makaho ne. In kai ya yi maka aiki, to da jan ƙwai ko fari ka haɗa shi. Ga shi da nawa, ga zafi yana juya shi.

MQ-2 kuwa wata dabba ce daban. Iskar gas yake shinshina, kuma yana da hita a cikinsa mai jan kusan 150mA a 5V. Mutumin da ke kukan 24mA ka ce ya ɗauki wannan? Sannan turare, barasa, gas ɗin girki, duk zai yi musu ihu. Abin wasa ne mai kyau, amma ba amsar wannan tambayar ba ce.

Mai tambaya, ka riƙe BPW34 ɗinka. In ka samu BPW34F, mai baƙin jiki, ya fi, don jikin nasa yana tare hasken da ido ke gani ya bar infirared.

Tsohon mai gyara:

To bari in yi maganar akurkin, wato ɗan ɗakin duhu da ƙwan da idon za su zauna a ciki, don ni a ganina rabin aikin yana nan, ba a kan allo ba. Na sha ganin yara suna kwana uku kan rizista, su ba akurki minti biyar.

Ka samu ɗan gwangwani ko murfin roba mai kauri, faɗin kamar santimita 6 zuwa 8. Ƙwan ka zura shi cikin ɗan siririn baƙin bututu, ya nutse ciki kamar santimita ɗaya, don hasken ya fito a tsuke. Idon ma haka, nasa bututun daban. Ka jera su yadda hanyar hasken da hanyar kallon idon za su gicciye a tsakiyar akurkin. Fara da kusurwar digiri 90, ya fi sauƙin yi. Daga baya kana iya buɗa ta, idon ya ɗan karkata yana fuskantar ƙwan ba tare da ya gan shi ba, kamar digiri 120 zuwa 135 tsakaninsu, don hayaƙi ya fi watsa haske ta gaba fiye da ta gefe. Amma fa duk yadda ka buɗa, haka haɗarin satar haske ke ƙaruwa. Ka sa ɗan shinge tsakaninsu.

Inda hasken zai je ya faɗi a bangon can, nan ne abokin gabarka. In bangon santsi ne, zai dawo da hasken ya zagaya har ya iske idon. Ka yi masa tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto, ko ka liƙa baƙin yadi mai gashi-gashi. Kada ka yarda da baƙin salatif na waya, ƙyalli gare shi. Kuma ba duk abin da ka gani baƙi ne yake baƙi a wurin infirared ba. Akwai baƙar robar da hasken nan ke ratsawa kamar gilashi, irin wadda ke gaban rimot. Akwai baƙin yadin da ke dawo da shi kamar farar riga. Gwaji mai sauƙi: kyamarar waya, musamman ta gaba, sau da yawa tana ganin ƙwan infirared kamar ɗan haske mai ruwan hoda. Ka shiga duhu, ka haska abin da kake son amfani da shi, ka leƙa ta kyamara.

Saura ƙofar hayaƙi. Iska ta shiga, haske kada ya shiga. Ana yin haka da 'yan faifai masu lanƙwasa da aka jera zagaye, kowanne ya ɗan hau bayan ɗan'uwansa, yadda babu miƙaƙƙiyar hanya daga waje zuwa ciki. Hayaƙi ya iya kwana, haske bai iya ba. A ƙarshe ka zagaye shi da raga mai ƙananan idanu, in ba haka ba ranar da ɗan gizo-gizo ya tare a ciki za ka sha ihu.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Malam, na gode Anti. Kwana biyu na yi ina fama da akurki. Maganar kyamara gaskiya ce: murfin da na fara zaɓa, baƙi ƙirin, na haska shi sai ga hasken ya fito ta baya. Na canza.

Yanzu kusurwa digiri 90 ce. Na juya ƙafafun mai gwadawa don ta yi ihu in wuta ta hau, ba in ta sauka ba. Na kuma cire 10k na sa 10M, tun da an ce hasken kaɗan ne. Ga sabon abu: akurki a rufe, mita tana nuna 0.01V. Na cika shi da hayaƙi, 0.01V. Na ɗaga murfi, ta yi tsalle zuwa 7.5V. Babu tsakiya, ko ƙasa ko sama. Na duba juyin idon sau uku, ƙafar katod tana ƙafa ta 2, ɗayar tana giraun, wato negetib ɗin batir, ƙafa ta 3 ma tana giraun.

Wata injiniya:

Madalla, yanzu ka kawo lambobin da za a iya aiki da su. Haɗinka daidai ne, akurkinka ma da alama ya yi duhu. LM358 ce ta kai iyakarta.

Kowace irin wannan IC tana da 'yar wutar da ke zirarewa ta ƙafafun shigarta. A LM358, takardar kamfani tana nuna wajen 20 zuwa 45nA, kuma fitowa take yi daga ƙafar. Nano ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na mA, abin kamar ba komai ba. Amma ka ninka 45nA da 10M, 0.45V ke nan, kuma ƙasa take tura fitar. Tun da batir ɗaya gare ka, babu inda za ta je ƙasa da sifiri, sai ta lafe a nan. Wutar da idon ke bayarwa sai ta fara biyan wannan bashin kafin mita ta ga komai. Hasken da hayaƙi ke watsowa kuwa 'yan nA ne, bai kai ya biya ba. Da ka ɗaga murfi haske ya yi yawa, sai ta buga sama, kuma samanta kusan 1.5V ne ƙasa da batir. Ga 7.5 ɗinka.

Kafin ka sayi wani abu, gwada wannan ka tabbatar da maganata. Cire ƙafa ta 3 daga giraun. Sa rizista 82k daga fozitib zuwa gare ta, 10k daga gare ta zuwa giraun. Za ta zauna a kusan 1V. Fitar za ta tsaya wani wuri tsakanin rabin bolt da 0.8V, daga nan kuma tana da filin motsi. Sa hayaƙi ka ga.

In ta motsa, to maganin dindindin shi ne amfilifaya irin ta CMOS, kamar MCP6002, wadda zirarewarta ta yi ƙasa da wannan sau dubbai. Jerin ƙafafunta ɗaya ne da na LM358, cire wannan ka dasa waccan. Sai dai ka ji da kyau: ba ta ɗaukar sama da 6V. Ka ba ta 9V kai tsaye, kai ne za ka samar da hayaƙin gwajin. Sa mata regyuleta mai sauke wutar zuwa 5V, amma ba 7805 ba, wannan shi kaɗai yana shan wajen 5mA yana zaune. LP2950 ya fi dacewa da batir.

Abu biyu kuma. Ka ɗora ƙaramar kafasita 10pF a kan 10M ɗin, in ba haka ba amfilifayar tana iya kama rawa ita kaɗai, don idon kansa yana da kafasita ta kusan 70pF a jikinsa. Sannan wurin da idon, da 10M, da ƙafa ta 2 suka haɗu, ka ɗauke shi daga allon gwaji. A irin wannan ƙanƙantar wuta, dattin yatsa da ragowar man dalma da laima duk hanya ce. Ka liƙa su kusa da juna, waya gajeriya, ka goge da isofurofil. Doguwar waya a nan eriya ce, za ta kwaso maka gurnanin wutar gida.

Mai haɗa amfilifaya:

Ba wanda ya taɓa maganar kirrr-kirrr, bari in ɗauka. Ƙararrawa ta kunna, ta ja wuta, batir ya ɗan durƙusa, saitin bolum ya gusa, ƙararrawa ta mutu, batir ya miƙe, ta sake kunnawa. Kare ne ke bin jelarsa.

Sa kafasita 100nF dab da ƙafa ta 8 da ta 4 na IC ɗin, da 100µF a bakin batir. Bolum ɗin ya sha daga bayan regyuleta, ƙararrawa ta sha daga gabansa. Sannan ka ba mai gwadawa 'yar taurin kai: sigina ya shiga ƙafar fozitib ta rizista 10k, ka dawo da 1M daga fitarta zuwa wannan ƙafar. Da zarar ta kunna sai ta ƙara tura kanta, ba za ta saki ba sai hayaƙi ya ragu sosai. A 5V wannan zai ba ka tazarar kusan 50mV tsakanin kunnawa da kashewa. In ya yi yawa, ƙara girman 1M ɗin. In ka koma LM393, wadda don wannan aikin aka yi ta, kar ka manta fitarta ba ta iya hawa da kanta, sai ka ja ta sama da 10k. Ƙararrawar kuma in mai nadin waya ce a ciki, gicciya mata dayod 1N4148 don kare taransistarka.

Malamin kimiyya:

Duk wannan zai sa ta ga hayaƙi, amma batir yana nan yana mutuwa, kuma duk ɗan hasken da ya sato hanya da rana zai riƙa gusar da ita. Magani ɗaya ne yake kashe tsuntsayen biyu: a daina barin ƙwan a kunne.

Na kasuwa ƙiftawa suke yi. Tsohuwar IC ɗin nan ta Motorola, MC145010, wadda aka yi musamman don wannan aikin, tana kunna ƙwan na kusan kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, sau ɗaya a wajen daƙiƙa 10. In ta ga alamar hayaƙi ba ta ihu nan da nan, sai ta ƙara saurin dubawa, sai ta gani sau uku a jere. Shi ya sa batir ɗaya ke kai su shekara.

Kai ma yi haka. Auna idon ƙwan yana kashe. Kunna ƙwan, auna kuma. Cire na farko daga na biyu. Duk abin da rana ko fitila ko zafi ko zirarewar IC suka kawo yana cikin awo biyun, sai ya fita a lissafi. Abin da ya rage naka ne, hasken ƙwanka ne da wani abu ya watso. Kuma tun da ƙiftawa ce, kana iya ba ƙwan 100mA, sigina ya ninku sau huɗu. In 100mA ɗin na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne duk bayan daƙiƙa 5, matsakaicinsa 0.02mA ne. Ka kwatanta da 24.

Ka lura da abu guda: 10M da 10pF da Injiniya ta ba ka suna buƙatar lokaci kafin su cika, ninkinsu 0.1ms ne. Don haka in ka kunna ƙwan ka jira kamar 0.5ms kafin ka auna. Ka kuma ajiye wa ƙwan tasa kafasitar, 470µF, wadda ke cika ta wata rizista, don fizgar da zai yi kada ta girgiza amfilifaya.

Tsohon mai gyara:

Malam, wannan awo da cirewa sai da furogiram, ka kuwa san ni da rubuta furogiram ba ma ga maciji. Ana iya yi da 555, IC ɗin nan mai ƙidayar lokaci: ita ta riƙa ƙifta ƙwan, a sa kafasita a layi bayan amfilifaya ta farko, ta tare hasken da ke tsaye ta bar ƙiftawar ta wuce. Sai dai a nemi ta CMOS, 7555 ko TLC555, don NE555 ta gargajiya ita ma mayunwaciya ce.

Wata injiniya:

Ana iya yi, Baba, ba musu. Amma ƙirga sau uku a jere, da lura da ƙura tana taruwa a hankali, da kukan batir ya yi ƙasa, kowanne sai an ƙara masa IC. Layi talatin na furogiram ya gama da su. Shawarata ya yi gwaji da Arduino, ɗan allon nan da ake rubuta wa furogiram, yana ganin lambobi a kwamfuta. Awonta yana raba 5V gida 1024, kowane mataki kusan 5mV. In ya gamsu sai ya mayar da furogiram ɗin kan ƙaramar IC ATtiny85 mai iya barci tsakanin awo, don allon Arduino Uno shi kaɗai yana jan wajen 50mA.

Wani ma'aikacin kashe gobara:

Ni ba na gane rabin lambobin nan, amma layin farko na tambayar ne ya tsaya mini: ɗakin da ake cajin batura. Ɗan'uwa, ka ci gaba da aikinka, ilimi ne. Amma don Allah kada ka kwanta ka ce wannan ce mai gadinka.

Wadda ke ihun banza ba ta ba ni tsoro, damunka kawai za ta yi. Wadda nake tsoro ita ce wadda waya ɗaya ta zame, ko ƙwan ya mutu, ta yi shiru. Shirun lalacewa da shirun lafiya kamarsu ɗaya. Kai kuma ka saki jiki, har ka bar caji ka tafi barci, abin da da babu ita ba za ka yi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka sayi wadda aka gwada, mai ɗauke da EN 14604, ƙa'idar Turai, ko UL 217 ta Amurka. Waɗannan an tilasta musu ƙarar da ta kai 85dB a tazarar mita 3, da yin ƙyas-ƙyas in batir ya kusa ƙarewa, da maɓallin gwaji. 'Yar ƙararrawar kan allonka ba lallai ta tada mai nauyin barci ta bayan ƙofa ba. Ka kafa ta a silin, ba a lungun da bango ya haɗu da silin ba, don iska ba ta zagayawa nan. Shekara 10 ake canza su, ranar ƙira tana baya. Kuma a sani, mai gano hayaƙi ba ta jin iskar kabon monoksaid, wannan na'urarta daban.

In kana gwaji da igiya, yi a kan faranti na ƙarfe, da ruwa kusa, nesa da baturan nan.

Wani ɗalibi:

To ai in haka ne, a samo tsohuwa da ta daina aiki a cire akurkinta, an huta da yankan roba.

Wata injiniya:

Wannan karon ka kawo shawara. Akurkin kamfani ya fi duk abin da za mu yanka da hannu, kuma yakan zo da ƙwansa da idonsa a zaune. Sharaɗi ɗaya: a karanta bayanta kafin a buɗe. Iri biyu ne. In ka ga alamar nan mai fuka-fukai uku ta sinadarin nukiliya, ko an rubuta Am-241, to ba mai haske ba ce, tana da ɗan ƙwayar amerisiyom a cikin wani gwangwanin ƙarfe. A rufe ba ta da illa, amma ba abin ɓarkewa da sukundireba ba ce, kuma babu abin da za ka ɗauka a ciki don wannan aikin. Ita ta fi saurin jin wuta mai harshe, mai haske kuma ta fi saurin jin wadda ke cin ƙasa-ƙasa tana hayaƙi, irin ta katifa ko rufin waya.

Mai tambaya:

Na dawo da labari. Gwajin 82k da 10k ya tabbatar da maganar Anti: fitar ta zauna a 0.7V, na sa hayaƙi ta ɗan hau. Karo na farko ke nan da na ga hayaƙi a mita, har na yi dariya ni kaɗai.

Yanzu MCP6002 ce a kan 5V, haɗin idon na liƙa shi a sama ba a kan allo ba, Arduino tana ƙifta ƙwan. Akurki a tsabtace, bambancin awo biyun yana tsakanin mataki 13 da 15, ko fitila a kunne ko a kashe, ko na danna rimot a gefensa. Da hayaƙin igiya yana haura 60. Na sa iyaka a 30, sai an gani sau uku. Na kuma ƙara wani abu saboda maganar Yallabai na kashe gobara: tun da lafiyayyen akurki yana ba da 14, in lambar ta faɗi ƙasa da 5 to ƙwan ko idon ya mutu, sai ta riƙa ɗan ƙyas duk minti. Na zare ƙafar ƙwan na gwada, ta yi. Ta kamfani ma na saya, tana silin, tawa tana kan tebur.

Saura abu ɗaya. In na hura hayaƙin ciki, nan da nan take gani. Amma da na kifa babban kwali a kan su biyun da igiyar a gefe, ta kamfani ta riga tawa da fiye da minti ɗaya. Bayan na ɗauke kwalin kuma tawa ta daɗe tana ihu. In sauke iyakar zuwa 20?

Tsohon mai gyara:

A'a, bar iyakar inda take. Jinkirin shiga da jinkirin fita ciwo ɗaya ne: tsoron haske ya sa ka toshe akurkin har ba ya numfashi. Faifan nan ka rage musu hawa kan juna, ka buɗe su zagaye gaba ɗaya ba gefe ɗaya ba, don iska ta shiga nan ta fita can. Duba ragar ma, in fenti ya toshe idanunta ka canza. Tun da yanzu kana cire awon duhu daga na haske, ɗan abin da zai sato ba zai dame ka kamar da ba.

Ka cire faifai biyu, ka maimaita gwajin kwalin, ka kawo mana lamba uku: ta tsabta da rana tsaka a bakin taga, daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin ta yi ihu, da daƙiƙa nawa kafin ta yi shiru.